Haƙurin Jane Goodall da Dajin da Ya Rage Mana a Madarumfa

A ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 2025, wata dattijuwa Baturiyar Ingila mai suna Jane Goodall ta rasu a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, tana da shekara 91 a duniya, ajali kuwa ya riske ta ne a tsakiyar irin tafiyar da ta saba yi ƙasa-ƙasa tana jawabi a kan halin da namun daji suke ciki. Sunanta bai shahara a zaurukanmu ba, dabbar da ta ƙarar da ƙuruciyarta da tsufanta wajen nazarinta kuma ba ta zaune a ƙasar Nijar, ba a taɓa jin maharbinmu ya ci karo da ita a dajin Babban Rafi ba. Amma duk da haka na ga ya kamata a ba mutanen Madarumfa da kewayenta labarin matar nan, domin abin da ta gano a ƙarshen al'amarinta ya fi shafarmu bisa ga yadda ya shafi waɗanda suka cika jaridunsu da hotunanta.

Dabbar da ake magana a kanta ita ce wadda Turawa suke kira cimfanzi, mutanen Gashaka ta jihar Taraba kuwa, waɗanda suke maƙwabtaka da ita, suke ce mata biri mai ganga, saboda al'adar mazansu ta dukan faffaɗan gindin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, har amon ya ratsa kurmi ya kai ga ƴan'uwansu da ke nesa. Ba shi da wutsiya, gashinsa baƙi ne, ƙaton namiji yakan kai kilo 50 ko fiye, ƙarfin damtsensa kuma ya wuce na ƙaƙƙarfan mutum. Suna zaune jama'a-jama'a, kowace da ƙasarta da iyakarta, sai dai ba su tafiya garke guda yadda jan biri yake yi. Sukan watsu ƙungiya-ƙungiya da safe, su haɗu, su sake rabuwa, in magariba ta yi kowanne ya hau itace ya lanƙwasa rassa ya yi wa kansa sabon makwanci. Mace ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 13 ko 14, cikinta wata takwas ne, ɗa ɗaya take haifa, galibi kuma ba ta sake wani sai bayan shekara biyar. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin a cikinsa dalilin saurin ƙarewarsu yake: dabbar da haihuwarta take da jinkiri haka, in aka kashe mata uwa ɗaya, an yi mata giɓin da ba ya cikewa sai bayan shekaru masu yawa.

An haifi Jane Goodall a birnin Landan ranar 3 ga Afrilu 1934, a gidan da ba shi da wadatar da za a kai ta jami'a. Saboda haka da ta gama makaranta sai ta koyi aikin sakatariya, ta kuma yi aikin kai abinci a gidan cin abinci har ta tara kuɗin jirgin ruwa, ta sauka ƙasar Kenya a 1957. A can ta haɗu da Louis Leakey, masanin tsofaffin ƙasusuwa kuma shugaban gidan tarihi na Nairobi, wanda ya daɗe yana neman wanda zai je ya zauna da birai masu ganga a gaɓar tafkin Tanganyika, ya rubuto abin da suke yi. Ya zaɓe ta ne, duk da rashin takardar shaidarta, domin ya ga tana da haƙuri da kaifin lura, kuma kanta bai cika da ra'ayoyin da aka riga aka yanke ba. Hukumar mulkin mallaka ta ƙi yarda budurwa ta shiga daji ita kaɗai, sai mahaifiyarta Vanne ta ce za ta raka ta. Ranar 14 ga Yuli 1960 suka sauka daga kwalekwale a wurin da ake kira Gombe, kusa da garin Kigoma, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. Kada mai karatu ya ɗauka Gombe ta Najeriya ce, suna ne ya zo ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne sashen labarin da masu ba da shi suka fi saurin tsallakewa, alhali kuwa shi ne gindin komai. Wata da watanni birai suna hango ta daga nesa su ruga, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita da mahaifiyarta, kuɗin da aka ba ta na wata shida ne kacal, kuma yana ta ƙarewa ba ta ga abin da za ta rubuta ba. Dabarar da ta yi ba ta wuce ta riƙa tashi kafin alfijir, ta sa tufafi masu launi guda kullum, ta hau kan wani tsauni inda birai za su gan ta a sarari, ta zauna da madubin hangen nesa da littafi da alƙalami, ba ta bin su, ba ta ɓuya, har suka gaji da tsoronta. Na farkon da ya sake da ita wani babban namiji ne mai furfura a haɓa, wanda ta sa wa suna David Greybeard. A watan Oktoba na 1960 ta gan shi yana cin naman aladen daji, alhali masana a lokacin sun ɗauka ganye da ƴaƴan itace kaɗai ne abincinsu. A farkon Nuwamba kuma ta same shi tsugune a gindin shuri, ya karyo tsinken ciyawa, ya kankare bakin wata ƴar kafa da farcensa, ya zura tsinken a hankali, ya dakata kaɗan, sa'an nan ya zaro shi garar da ta cije shi tana maƙale, ya zuge ta da leɓɓansa. In tsinken ya lanƙwashe sai ya gutsure bakinsa ko ya nemo wani. Bayan kwanaki ta ga ana karyo reshe ana zage masa ganye kafin a zura, wato dai ba amfani da abin da aka tsinta kawai ba, har da gyara shi domin wata bukata.

Wannan ƴar mushahada ta girgiza malaman Turai, domin a wancan zamani da yawansu sun kafa ta'arifin ɗan Adam a kan cewa shi kaɗai ne halitta mai ƙera kayan aiki, har Leakey ya aiko mata da waya yana cewa lalle ne a sake duba wannan ta'arifi. Mu kam abin bai kamata ya ruɗa mu ba, gama malamanmu ba su taɓa jingina darajar ɗan Adam ga tsinke ko gatari ba. Sun jingina ta ne ga hankali da bayani da amanar da aka ɗora masa, wadda za a tambaye shi a kanta. Hasali ma aya ta 38 ta Suratul An'am ta ambaci dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama a matsayin al'ummomi, kuma tun a ƙarni na tara Al-Jahiz na Basra ya cika mujalladai da lura da ɗabi'unsu a cikin Kitabul Hayawan, daga baya Ad-Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya tara Hayatul Hayawan da malamanmu na zaure suka sani. Abin da Goodall ta yi ya yi kusa da wannan tsohuwar hanya ta tadabburi, sai dai ita ta ƙara mata tsananin kiyaye riwaya: rana kaza, sa'a kaza, wane ya yi kaza a gaban wane, ba ta rubuta abin da ta ji sai abin da idonta ya gani.

Da ta tafi jami'ar Kambirij, inda aka karɓe ta karatun digirin dakta ba tare da digirin farko ba, kuma ta kammala a tsakiyar shekarun 1960, malamanta sun zarge ta da laifin sa wa birai sunaye a maimakon lambobi, da kuma cewa kowannensu yana da halinsa. Ta ƙi janyewa, kuma tarihin Gombe ya gaskata ta. Akwai wani namiji mai suna Mike, wanda ba shi da girman jiki, manya suna korarsa daga abinci. A 1964 ya gano cewa in ya turo garewanin kananzir marasa komai a gabansa yana gudu, ƙararsu tana firgita sauran, da wannan hikima ya hau shugabancin jama'arsa ba tare da wani babban faɗa ba. Akwai kuma tsohuwa Flo, uwa mai juriya da wasa da ƴaƴanta, wadda ta mutu a bakin rafi a 1972. Ɗanta Flint, mai shekara takwas, wanda ya isa ya ci da kansa, ya ƙi rabuwa da wurin, ya daina cin abinci, ya rame, bai cika wata guda ba ya bi ta. Wanda ya karanta wannan ya ce dabba ba ta baƙin ciki, to, sai ya kawo wani suna da za a kira abin da ya kashe Flint.

Ba alheri kaɗai ta gani ba, kuma ba ta ɓoye sharrin ba, abin da ya ƙara mini ganin girmanta ke nan. A farkon shekarun 1970 jama'ar da take nazari ta rabu biyu, wasu suka koma kudu, kwarin Kahama. Daga 1974 zuwa 1978 mazan Kasekela, wato ɓangaren da bai ƙaura ba, suka riƙa fita sintiri a jere, shiru, in sun sami ɗaya daga cikin tsofaffin abokansu shi kaɗai sai su taru su yi masa dukan da ba ya tashi, har suka ƙarar da mazan Kahama duka suka ci ƙasarsu. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka ga wata mace mai suna Passion da ƴarta suna ƙwace jariran maƙwabtansu suna cinyewa. Ita kanta Goodall ba ta kuɓuta daga kuskure ba. Ta kafa wurin raba ayaba domin ta jawo birai kusa, abin da ya ƙara musu faɗa da cunkoso, masana suka yi ta sukar wannan, har aka rage shi, daga baya aka daina ɗungum; cutar shan inna da ta ɓulla a yankin a 1966 kuma ta kashe wasu birai ta naƙasa wasu, aka fahimci cewa kusancin jikinsu da namu ya sa cututtukanmu suna kama su, shi ya sa a yau ba a barin mai ziyara ya matsa kusa da su.

A 1975 wani al'amari ya faru wanda a ganina ya fi labarin shurin muhimmanci a gare mu. Ƴan tawaye suka ƙetaro tafki daga ƙasar da ake kira Zayar a lokacin, da dare, suka sace ɗalibai baƙi huɗu daga sansanin Gombe, kuma ko da yake an sako su daga baya, sauran Turawan sun kwashe kayansu sun tafi. Da aikin a hannunsu kaɗai yake, da ya mutu a ranar. Amma akwai mutanen ƙauyukan gaɓar tafkin, ƴaƴan masunta da manoma, waɗanda karatun bokonsu bai yi nisa ba, da suka daɗe suna raka ɗaliban nan, sun san kowane biri da fuskarsa da muryarsa da danginsa. Su ne suka ɗauki littattafan, suna bin biri guda daga makwancinsa na safe zuwa na dare, suna rubutawa da harshen Sawahili, kuma magadansu suna kan yi har yau. Saboda su ne nazarin Gombe ya haura shekara 60 bai yanke ba, babu kuwa wani nazarin birai masu ganga a duniya da ya kai shi tsawon rai.

A 1986 aka yi taron masana a birnin Shikago, kowa ya kawo labarin wurin da yake aiki, sai ya zamana daga Afirka ta Yamma har ta Gabas magana ɗaya ce: ana sare kurmi, ana ɗana tarkon waya, ana harbe uwaye domin a sayar da ƴaƴansu. Goodall ta bar zaman daji daga wannan taro ta shiga yawon faɗakarwa, wanda ta yi kusan shekara arba'in tana yi. Bayan ƴan shekaru ta bi ta saman Gombe a ƙaramin jirgi, ta ga gandun, wanda bai wuce murabba'in kilomita 35 ba a lokacin, ya zama tsibirin kore a tsakiyar tsaunukan da aka aske ƙwal, ruwan sama yana kwashe ƙasarsu yana zubawa a tafki. Ta fahimci cewa mutanen da suka yi wannan sara ba mugaye ba ne, matalauta ne masu neman gona da itacen girki, kuma babu yawan dogaran daji da zai tsare birai muddin maƙwabtansu suna kwana da yunwa. Saboda haka a 1994 cibiyarta, wadda ta kafa tun 1977, ta fara wani shiri mai suna TACARE a ƙauyuka 12, inda aka soma da tambayar mutane abin da ya dame su, aka shiga renon itatuwa, da gyaran gona, da rancen jari ga mata, da biya wa ƴan mata kuɗin makaranta, da kiwon lafiya. Daga bisani ƙauyukan da kansu suka keɓe wasu filaye suka bar su su farfaɗo, dajin ya fara komawa kan tsaunuka.

Mafi kusa da mu daga cikin masu bin wannan sawu suna gandun Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na Najeriya girma, murabba'in kilomita 6,700 da ƴan kai, a jihohin Taraba da Adamawa, inda dutsen Chappal Waddi yake. A shekarar 2000 wani Bajamushe malamin jami'ar Landan, Volker Sommer, ya kafa sansanin bincike a can, a wurin da ake kira Kwano, tare da ɗaliban Najeriya da mutanen ƙauyukan yankin. Wani abin mamaki da suka gano shi ne, birai masu gangar Gashaka ba su damu da gara ba ko kaɗan, ga shuri ko'ina amma ba su taɓa shi. Su sana'arsu tonon zuma da sanda, da kamun kwarkwasa da dogon tsinke, rani da damina. A Fongoli ta ƙasar Senegal kuwa, inda zafi da ƙarancin itatuwa suka fi kama da namu, wata Ba'amurkiya mai suna Jill Pruetz ta ba da labari a 2007 cewa birai suna fiƙe sanda da haƙori su caka cikin kogon itace domin farautar wata ƴar dabbar dare, suna kuma fakewa a kogon dutse in rana ta take. Ma'ana, kowace jama'a da al'adar da ƙanana suke koya daga manya, kuma in aka ƙarar da jama'a guda an ƙarar da wani ilmi da babu shi a wani wuri. Masana suna ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a Afirka duka suna tsakanin 170,000 da 300,000, irin na Najeriya da Kamaru kuma, wanda ya fi kowanne ƙaranci, dubbai kaɗan ne.

To, mu dawo gida. Madarumfa ba ta da biri mai ganga, amma Allah bai bar ta hannu wofi ba. Ga tafki wanda Gulbin Gabi yake shayarwa, mai kai kimanin hekta 800 in ya cika, kewaye da kukoki da gawo da kushewun waliyyai 99 da ake zuwa ziyara. Gwamnatin Nijar ta sa shi, tare da gandun dajin da ke kusa da shi da kushewun, a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su tun 2006, a 2019 kuma aka shigar da shi cikin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Wanda ya tsaya a bakinsa da sanyin safiyar hunturu, lokacin da masunta suke jawo taru da tarwaɗa da karfasa, zai ga zalɓe tsaye a cikin ruwa, da balbela, da garken kirinjijiya, da wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu waɗanda suka ƙetaro teku da hamada daga Turai domin su ci rani a wurinmu. Ga kuma dajin Babban Rafi wajen Gabi, dajin sabara da geza da taramniya, wanda ya miƙe har iyakar Najeriya, inda a shekarun 1980 da 1990 giwaye kan ƙetaro su yi kiwo. Yau giwayen sun daina zuwa, tafkin yana cikewa da yashi, ruwan Gulbin Maraɗi ya ragu tun da aka gina madatsar Jibiya, gonaki suna cin dajin ta gefe, ƴan bindiga masu satar shanu da mutane kuma sun mai da wasu sassansa wurin da ko makiyayi ba ya shiga da kwanciyar rai.

Birinmu na nan shi ne jan biri, kuma na san ba shi da masoya a cikin manoma, ba kuwa a banza ba: wanda ya kwana uku a kan rumfar tsaro yana kaɗa gwangwani, sa'an nan ya waiwaya ya tarar an karya masa zangarniyar gero ko an tone masa gyaɗa, ba za a zo a yi masa wa'azin tausayin biri ya saurara ba. Amma ko maƙiyi yana da kyau a san shi. Masu nazari sun tabbatar cewa babu birin da ya kai shi gudu a duniya, yana kusan kilomita 55 a sa'a. Garkensa mata ne da ƴaƴansu da babban namiji guda mai tsayawa nesa yana gadi. Abincinsa na asali ƙaro ne da ƙwari da ƴaƴan itatuwan daji irin su aduwa da magarya. Wannan na ƙarshe shi ne wurin lura, domin in aka sare itatuwan da suke ciyar da shi, gona ce kaɗai ta rage masa, ɓarnarsa kuma sai ta ƙaru daidai lokacin da adadinsa yake raguwa. Haka nan ɗan birin da muke gani ɗaure da sarƙa a ƙugu a ranar kasuwa, yara suna dariya ana jefa masa kuɗi, ya kamata mu tuna cewa uwar biri ba ta ba da ɗanta da rai, galibi sai an kashe ta ake ɓanɓare shi daga jikinta. Addinin da ya ba mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba abinci, bai bar mana uzuri a kan wannan ba.

Ban kawo labarin TACARE domin in ce mu je Tanzaniya koyo ba, gama abin da Goodall ta gano a 1994 manoman jihar Maraɗi sun riga ta aikata shi. Tun daga 1983, da ƙarfafawar wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara abin da ake kira sassaben zamani, wato in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututturen kalgo da sabara da gawo, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Bayan farin 1984 abin ya bazu, har masana suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, ba da dashe ba. Sirrinsa shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ba za a ci shi tara in ya sassabe reshensa ba. Dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara, waɗanda dajin Babban Rafi yake cikin wuraren da aka gwada su, ita ma a kan wannan asasi aka gina ta. Raƙuman dawa na Kure, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996, sun haura 600 saboda an sa mutanen ƙauyukan cikin amfaninsu, an kuma san kowannensu da zanen jikinsa. A Nuwamba 2018 aka ɗauko takwas aka kawo su gandun Gadabeji, a arewacin jiharmu. Shari'a ma ta san wannan babi da sunan hima, tun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza.

Abin da ya rage mana shi ne rabin farko na aikin Goodall, wato zama da lura da rubutawa, shekara bayan shekara, a wuri guda. Ilmin yana nan: tsohon maharbi a Gabi ya san mashayar barewa da hanyar da giwaye suke bi da, masunci ya san watan da kowane kifi yake ƙwai, Bafulatani ya san ciyawar da ta ɓace daga makiyaya, mai tsaron gona ya san yawan garken jan biri da itacen da suke kwana. Sai dai duk a ka yake, kuma masu shi suna tsufa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan Maraɗi, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga bakin tafki, da ɗaliban aikin gona da muhalli masu neman abin da za su yi bincike a kai. Ina roƙon malamanta, da ma'aikatan gandun daji, da magajin gari da sarakunanmu, su haɗa kowane ɗalibi da dattijo ɗaya daga cikin waɗannan, a rubuta abin da ya sani da Hausa, da boko ko da ajami, da sunayen wurare kamar yadda mutane suke kiransu. A kuma sami matasa biyu ko uku daga ƙauyukan bakin ruwa, maza ko mata, a ba su madubin hangen nesa da littafi da ɗan albashin da zai riƙe su, su riƙa ƙidaya tsuntsayen tafkin a rana guda ta kowane mako, suna auna inda ruwa ya tsaya, ta yadda in tsakiyar Janairu ta zo, lokacin da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya tun 1967, lissafin Madarumfa zai fito daga hannun ƴaƴanta. Dajin Babban Rafi sai tsaro ya samu kafin a tura kowa cikinsa, amma tafkin da gandun da ke kusa da gari ana iya fara su a hunturun bana, littattafan kuma a ajiye kwafinsu biyu, ɗaya a jami'a, ɗaya a ofishin magajin gari inda kowane ɗan ƙasa zai iya zuwa ya duba.